Akwatin Kifin Unguwar Zariya

Ku samarin yanzu kuna ganin aikin famfo bai wuce yanka tiyo da shafa masa gam ba. Ban ga laifinku ba. Tiyon roba ya zo, gam ya zo, mutum ya yi wata biyu yana riƙe wa wani tsani sai ya sayi kile ɗaya, wato sufana, ya kafa allo, ya rubuta sunansa da jan fenti. Haɗa bututu kam ko makaho zai haɗa in an miƙa masa. Inda aikin yake shi ne ranar da komai ke haɗe daidai, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, amma ruwa ya ƙi yin abin da aka sa shi.

Sunana Lawali, kuma a Jiratawa na koyi aiki, wurin Malam Tsahiru mai gyaran injinan ban-ruwa na fadamar Gulbi. Shekara huɗu ina binsa daga wannan rijiya zuwa waccan. Akwatinsa ba shi da wani kaya na a zo a gani: manyan kile biyu, zarto, turnabis, wato sukudireba, mai dogon wuya, zaren rama da gwangwanin fenti na naɗe haƙoran bututu, sai guntun alli. Turnabis ɗin ya fi yi masa aikin kunne. Zai ɗora tsininsa a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙota, ya faɗa maka abin da ya cinye a ciki. Allin kuwa na shata ruwa ne. In aka kira shi, kafin ya taɓa komai sai ya ja layi daidai inda ruwa ya tsaya a jikin siminti, ya koma inuwa ya zauna. Manoman albasa na ta kumfar baki shuka na ƙonewa, shi yana cin goro yana leƙen layinsa. Ni kaina a lokacin ganin malalaci nake yi masa.

Da na dawo Maradi na buɗe rumfata, sai na tarar koyon halin masu kiran aiki wata makaranta ce daban. Akwai wanda zai kwance famfonsa gaba ɗaya, ya zubo kayan a buhu, ya rantse maka haka ya same shi. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana koya maka abin da ya kira ka ka yi. Gidajen alhazai kuma nasu salon daban: ba ka ganin mai gida, akwai wani a tsakaninku, shi ke kiranka, shi ke sallamarka, abin da ya kai wa mai gida kuma shi ne abin da ka faɗa. Sannan da safe ake son ma'aikaci, ya gama ya fice da dattin rigarsa kafin baƙi su fara zuwa. Haka muka saba duka, mu da magina da masu gyaran wuta.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na gidan wani Alhaji ne a unguwar Zariya, babban ɗan kasuwa mai safarar kaya daga bakin teku. A wata tafiyarsa ya ga akwatin gilashi na kifi a wani otal, ya ce sai an yi masa irinsa. Aka kawo wani mutumin Kwatano ya haɗa, ya koma ƙasarsu, aka bar mini kulawa da bututun. Akwatin yana cikin babban falo, tsawonsa taku huɗu, tsayinsa ya kai ƙirjina, cike da jajayen kifaye da masu ruwan zinariya, wasu sun kai tsawon damtse.

Abin da ya kamata ku gane shi ne akwatin nan ba shi kaɗai yake ba. Ruwa na tumbatsa daga samansa ya faɗa wani bututu, ya ratsa bango, ya zuba a wani kwarmin siminti da ke bayan falon, a tsakar gidan waje, an rufe shi da katako. Kwarmin ɗaki uku ne. Na farko soso da tsakuwa, su ke tare datti. Na biyu gawayi. Na uku nan ruwa ke isa garau kamar na randa, kuma nan injin yake nutse, yana tura ruwan ya koma sama. A gefen ɗaki na ukun akwai ƙwallo mai yawo irin na tankin bayan gida, in ruwa ya ragu sai ya buɗe ruwan gari ya cika. Wannan zagayen shi ne numfashin kifin. In ya tsaya a lokacin zafi, sa'o'i kaɗan sun ishe su su fara haki a saman ruwa. Kuma ga wani abu da mai kallo ba ya sani: akwatin sama kullum a cike yake, ko me aka rasa a ɗakin injin kaɗai ake ganinsa.

Mai ciyar da kifayen wani dattijo ne, Baba Illa, mutumin Tsibiri. Kullum da sassafe yake tuƙo kekensa zuwa Maradi, ya koma da yamma. Shekara goma sha yana gidan, tun yana gadi, da ƙafa ta fara ciwo aka mayar da shi kan kifi da sharar wurin salla. Ba shi da yawan magana. Ya san kowane kifi da halinsa, ya san mai haɗama da mai tsoro, in ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa duk sai su taho.

Shekarar da abin ya faru ita ce mafi muni da na gani a sana'ata. Lokacin ne aka buɗe siyasar jam'iyyu, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, gini ya tsaya cak a gari. Wanda famfonsa ya fashe sai ya naɗe shi da robar taya ya ce Allah ya kyauta. Sai in yi sati ban buɗe akwatin kayana ba. Ruwan gari kuma ya koma zuwa yadda ya ga dama, a unguwar Zariya yakan ɗauke da hantsi, ba ya dawowa sai rana ta kusa faɗuwa. Gida ɗaya ya rage mini da ake kirana a kai a kai, shi ne gidan Alhaji. Shi kuma ya shiga siyasa da ƙafa biyu, ƙofar gidansa ta zama kasuwa, mutanen ƙauye da na gari suna wuni a nan tun hantsi har la'asar.

A tsakiyar bazara aka aiko mini cewa kifi biyu sun mutu. Wanda ya kira ni Rabe ne, ƙanen Alhaji, shi ke riƙe da harkar gidan. Na je da safe, na ɗaga katako, kwarmi a cike, inji na gurnani lafiya. Na wanke soso, na zuba sabon gawayi, na ce datti ne da zafi. Bayan kwana huɗu wasu uku suka bi. Na koma, da safe dai, na kwance injin, na duba farfelarsa, na bi bututu gaɓa-gaɓa ina neman inda iska ke shiga. Na sauya wata gwiwar tiyo da ba ta da laifin komai, don dai a ga na yi aiki. Ina haɗa kaya Baba Illa ya tsuguna kusa da ni.

"Lawali, ni dai abin da nig gani," in ji shi, "in rana ta karkata, ruwan ga na sama sai shi dinga tohi da kumhwa, daga nan shi tsaya. Sai wajen magariba shi dawo."

"Baba, ai wuta ta aka ɗaukewa," na ce.

"Akwai gurup gidan ga. Hwanka ba ta tsayawa."

Na ce masa kafin a tada gurup ɗin ne, wato janareta, na ɗauki akwatina na tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni a lokacin gani nake tsoho mai ba kifi abinci ba zai koya mini inji ba.

Kira na uku ya zo ne bayan mutuwar babban kifin da Alhaji ya fi so. A nan ne na fara jin abin da ake faɗa a gidan. Wai ɗan ƙanen Baba Illa yana yawo a Tsibiri da hular jam'iyyar hamayya. Wai an ga tsohon yana daɗewa a bayan falo. Wai mutuwar kifi a gidan mai neman nasara ba banza ba, sammu ne aka aiko, kuma da hannun na gida. A shekarar nan irin wannan magana ba wasa ba ce, wa da ƙane sun daina gaisawa a kan hula. Na lura ko masu kawo abinci sun fara zagaye tabarmar Baba Illa.

Rabe ya tsaya a kaina har na gama dubawa, shi da ba ya kirana da suna sai fulombiye, wato mai aikin famfo. Ya ce, "Fulombiye, kalma guda nika so. Akwai abin da yal lalace ko babu?"

Na ce babu. Gaskiya na faɗa gwargwadon abin da idona ya gani, kuma har da ɗan alfahari na faɗe ta, don aikina ake tambaya.

"Madalla," in ji shi. "In ba tiyo na ba, mutum na. Alhaji ya ce ran Juma'a bayan masallaci za a yi ta ta ƙare."

Sai da na kai rumfa maganar ta zauna mini. Ni na ɗauka kaina nake wankewa, ashe shaida na bayar a kan wani. Ran Juma'a za a kori dattijo a gaban jama'a da sunan maci amana, kuma ba aikin ne abin ji ba, sunan ne. Mutumin da aka ce ya kai sammu gidan da ya ci abinci shekara goma sha, ko a Tsibiri ba zai ƙara zama a sahun gaba ba. Na ji kunya ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ni ban taɓa zama na ga sa'ar da yake tsamin ba.

Ranar Alhamis na je da safe kamar kullum, amma ban ɗauki kile ba, alli kawai na sa a aljihu. Na ja layi a ɗakin injin daidai bakin ruwa, na mayar da katako, na samu gindin wata bishiyar bedi da ke kallon wurin na zauna. Rabe ya wuce sau biyu yana harara ta. A na uku ya ce baƙi sun fara zuwa, in na gama in kama hanya. Na ce masa injin nake saurare. Na san in ya fusata gidan ya fita hannuna, amma na yi kamar ban gane ba.

Da hantsi ruwan gari ya ɗauke. Na leƙa, layina na nan daidai. Rana ta take, mutane suka cika rumfunan ƙofar gida, maroƙa na ta yi, ana ta shigo da farantan shinkafa. Na sake leƙawa, ruwa bai motsa ba. Har na fara tunanin na zaunar da kaina a banza.

Sai aka kira azahar. Mutane suka taso neman ruwan alwala, suka murɗa robine, wato famfon tsakar gida, ko ɗigo. Randuna biyu da ke wurin tuni an shanye su. Sai ga Baba Illa ya fito da butoci a rataye a hannu biyu, ya nufi kwarmin, ya ɗaga katako ta gefen ɗaki na uku inda ruwa ya fi tsabta, ya shiga cikawa yana miƙa wa dattawa. Wanda ya gama ya ba na bayansa butar, a sake cikawa. Ba a ɓoye yake yi ba, a gaban kowa ne, har ana sa masa albarka. Wani malami ma na ji yana gaya wa na kusa da shi cewa ruwan da kifi ke ciki tsarkakakke ne, babu kokwanto. Na bar ƙirga bayan buta ta arba'in.

Da aka tada salla na bi sahu, da aka sallame na koma na ɗaga katako. Ruwa ya sauka ƙasa da layina fiye da taƙi guda, bakin injin ya fito fili, yana zuƙar iska yana kakari kamar rago a hannun mahauci. Hayaniyar ƙofar gida ta hana kowa ji. Ina tsaye ya yi zafi ya kashe kansa. Na zaga ta taga na leƙa falo, akwati a cike fal, amma ruwa ya daina zuba, kifaye sun fara hawa sama. Ƙwallon cikawa ya sauka ya buɗe bakinsa yana jiran ruwan garin da ba zai zo ba sai yamma. In ya zo ya cika kwarmi, inji ya huce ya tashi, da safe fulombiye ya zo ya ga komai lafiya ya tafi gida.

Na samu matsalar, amma ban ji daɗin da na saba ji ba. Hannun da ake zargi shi ne dai hannun da ke ɗibar ruwan. In na je na ce wa Rabe Baba Illa ne ke kwashe ruwan kifi, abin da zai isa kunnen Alhaji ke nan, ba ƙari. Na fara aika wa a nemo 'yan garuwa, aka zuba ruwa a kwarmi, na tada injin. Sannan na koma gindin bedi na jira la'asar, don na lura Alhaji da kansa yakan fito ya yi alwala a tsakar gidan waje tare da mutane.

Ya fito, aka ajiye masa kujera 'yar tsugune, aka miƙa masa butarsa ta ƙarfe. Na bari har ya wanke ƙafa, sannan na matsa na durƙusa na gaishe shi. Rabe ya yunƙuro zai tare ni, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Ranka shi daɗe," na ce, "na gano abin da ka kashe kihi. Amma tambaya gare ni. Ruwan ga da kay yi alwala da shi, daga ina anka ɗebo shi?"

Ya dubi butar, ya dubi Rabe. Rabe bai sani ba. Baba Illa ne ya amsa daga inda yake tsaye da butoci a hannu.

"Ni na ɗebo, Alhaji, cikin kwarmin can. Robine ba ruwa tun hantsi. Kai kac ce mini ranar da anka hwara taron ga, kada baƙo shi rasa ruwan alwala gidanka ko da mi za a yi. Na ga wurin awa rijiya yake, ka ɗiba da rana, da sahe ya cika."

Na roƙi Alhaji ya taso, na nuna masa layin alli, na nuna masa bakin injin, na yi masa bayani a gaban duk wanda ke wurin, da ƙarfi yadda na bayan ma zai ji. Na ce babu sammu, babu magani, ruwa ne ake ɗiba inji ya shaƙe, kuma ni ya kamata in gano tun zuwan farko. Alhaji ya kalli hannayensa da ba su gama bushewa ba. Can sai ya yi dariya.

"Ashe ɗan hamayyar gidan ga ni na," in ji shi.

Wuri ya kaure da dariya, maroƙi ya cafe maganar ya shiga yi masa kirari da ita. Nan take ya ba da umarni a kawo tano huɗu, wato manyan duro, a riƙa cika su da asuba saboda alwala, ni kuma in sa wa katakon kwaɗo. Aka tada salla. Babu wanda ya waiwayi Baba Illa, ba Alhaji ba, ba Rabe ba, ba masu zagaye tabarmarsa ba. A ganinsu magana ta ƙare tunda an yi dariya.

Gyaran kansa bai ɗauke ni wuni ɗaya ba. Na sa kwaɗo, na ɗora wani tanki a kan ginshiƙi mai tara ruwa in ya zo, ya riƙa ciyar da ƙwallon cikawa da rana. Kifi bai ƙara mutuwa ba. Rabe kuwa bai sake kirana wani aiki a gidan ba sai da shekara ta juyo, wannan ma dama na san za a yi.

Baba Illa ya ciyar da kifinsa a ranar, ya share wurin salla, ya hau kekensa. Ran Juma'a bai zo ba, Asabar ma haka. Da aka kwana biyar Alhaji ya ce a je a dubo shi, aka rasa mai zuwa, sai na ce ni zan je. Na same shi a gonarsa bayan gari yana sassabe, ana shirin damina. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini buhu a inuwar gawo, ya tambayi kifayen ɗaya bayan ɗaya. Na ce suna lafiya, kuma Alhaji na nemansa, ai an wanke shi a gaban kowa.

"Wa yaw wanke ni?" in ji shi. "Inji anka wanke. Sati ukku ana kallona awa maciji, wanda munka ci tuwo kwano guda shina janye ɗiyanshi in na wuce. Na jira mutum guda shi ce Illa, mun zalunce ka. Dariya nij ji."

Na ce ya yi haƙuri, halin manya ne, ba su iya furta irin wannan ba.

"Na yi haƙuri, ɗana, ba ni riƙe da kowa. Amma ba ni komawa." Ya ɗauki gatarinsa ya miƙe, sannan ya dube ni, ba da faɗa ba. "Kai ma na gode maka, ka zamna ka gani. Sai dai tun zuwanka na biyu na hwaɗa maka lokacin da ruwan ka tsayawa. Da ka zamna ran nan, da ba a kai ga sunana ba."

Na tashi daga kan buhun. Ya koma bakin sassabensa, ni kuma na tura babur ɗina har bakin hanya kafin in tada shi.